Ba maimaici ne ya gajiyar da kiɗan fiyano ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka sam mini fili in mayar da martani a kan sharhin da ya fito a shafinku na nishaɗi game da kiɗan fiyano na waƙoƙin zamani. Malamin da ya rubuta ya ce abu ɗaya muke ta nanatawa, kod uku, wato haɗin sautuka uku, muke juyawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta, sannan ya shawarci matasa su je su saurari jaz na Amurka su ga yadda ake tara kod ana sauya su. Ni mai kiɗan fiyano ne, da shi nake ciyar da iyalina a wani sutudiyo a nan Kano, kuma rabin maganarsa gaskiya ce, yawancin abin da ke fitowa yanzu kunne ya ƙoshi da shi. Amma inda ya ɗora laifin, ba a nan gizo ke saƙa ba. Tunda jaz ya kawo shaida, ni ma daga jaz zan ɗauko tawa.

A ranar 17 ga Yuni 1964 wasu mutum huɗu suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder da ke Englewood Cliffs a jihar New Jersey. Jagoransu Herbie Hancock ne, mai fiyano, haifaffen Shikago, shekararsa 24. Freddie Hubbard yana busa konet, wani ƙaho ɗan'uwan taramfet amma ya fi shi taushin murya. Ron Carter yana riƙe da babban bes na katako wanda ake kaɗawa a tsaye. A kan ganguna kuwa Tony Williams ne, yaro ɗan shekara 18. A wannan yini suka ɗaukar wa kamfanin Blue Note faifan Empyrean Isles, mai kiɗa huɗu, duka tsarin Hancock. Na uku a ciki sunansa Cantaloupe Island. Tsawonsa minti 5 da rabi, babu muryar mawaƙi a cikinsa, kuma kod ɗinsa uku ne. Uku cif, Malam Edita, daidai adadin da aka goranta mana. Hannun mai fiyanon kuma wani ɗan gajeren zubi yake nanatawa kusan daga fari har ƙarshe. Ga shi an haura shekara 60 ana kaɗa shi, yana cikin kiɗan da ake fara koya wa ɗaliban jaz a ko'ina, kuma ban taɓa jin wanda ya ce ya gundure shi ba.

Kada a ce rashin iyawa ne ya tsayar da shi a kan uku. Yana ɗan shekara 11 ya kaɗa wani sashe na kiɗan Mozart tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta Shikago. A 1963 Miles Davis, shahararren mai busa taramfet, ya ɗauke shi aiki, shi da Carter da Williams, kuma Miles ba ya ɗaukar ɗan koyo. A cikin wannan faifan ma akwai The Egg, minti 14 na kiɗan da ba shi da linzami, wanda mai sauraro na farko zai iya rantsuwa cewa kowa gabansa yake yi. Mutumin da ya iya wancan ne ya zauna ya zaɓi kod uku da gangan. Abin tambaya shi ne waɗanne uku ya zaɓa, kuma me ya sa suke aiki.

Ga wanda ba ya harkar, kod shi ne sauti uku ko huɗu da ake danna maɓallansu lokaci guda, su zama shimfiɗar da waƙa ke takawa. Gaɓa kuma bugu huɗu ce, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai wata gaɓar. Sautin da waƙa ke komawa ta huta a kansa shi muke kira gida. Da waɗannan kalmomi uku za a iya bin sauran bayanina.

Hanyoyi biyu ne suka haɗu a kiɗan nan. Ta farko buluz, kiɗan baƙaƙen fata jikokin bayi na jihohin kudu na ƙasar Amurka, musamman yankin Mississippi. Tsarinsa da aka fi sani gaɓa 12 ne. Mawaƙi zai faɗi layi, ya sake faɗinsa, sannan ya kawo na uku ya warware zancen. A ƙarƙashi kod uku ne su ma. Da haruffa irin su F da C ake kiran sautukan fiyano, filat kuma na nufin an sauko rabin taki, wato zuwa maɓallin da ke maƙwabtaka. In gidan F ne, za ka zauna a F, a gaɓa ta 5 ka leƙa B-filat, ka dawo, a gaɓa ta 9 ka hau C, sannan ka gangaro gida. Wannan C shi ne mai jan kunne, da an danna shi ko wanda bai san kiɗa ba zai ji a jikinsa cewa an kusa sauka. Kuma gishirin buluz yana cikin wasu sautuka da mawaƙi ke lanƙwasawa, ba su zauna daidai a kan wannan maɓalli ba, ba su kai na gaba ba, suna tsakani.

Hanya ta biyu ita ce wadda suke kira modal, wato a daɗe a kan tsanin sauti guda maimakon yawan sauya kod, kuma a nan ne shawarar malamin namu ta yi hannun riga da tarihi. Gaskiya ne a zamanin Charlie Parker da Dizzy Gillespie, cikin shekarun 1940, masu jaz sun tara kod har abin ya zama tsere, kod yakan sauya duk bayan bugu biyu, cikin gudu. John Coltrane ya kai wannan hanya maƙura da Giant Steps wanda ya ɗauka a 1959. Amma a cikin wannan shekarar dai Miles Davis ya fitar da Kind of Blue, inda ya juya wa tseren baya. Kiɗan farko a faifan, So What, gaɓa 16 ne a kan tsanin sauti guda, fararen maɓallai daga D zuwa D, sai gaɓa 8 a ɗan hau rabin taki, sai gaɓa 8 a dawo. Kod biyu ke nan a gaɓa 32. Tunanin yana da tushe a littafin da George Russell ya fitar a 1953, kuma Bill Evans ne a kan fiyano. Dalilinsu shi ne in kod na sauyawa kowane daƙiƙa, mai busa hankalinsa yana kan kada ya yi tuntuɓe, ba ya samun sukunin ƙirƙirar waƙa. In aka zaunar da shi wuri ɗaya kuwa, babu inda zai ɓuya, dole ya faɗi wani abu mai ma'ana. Wato manyan jaz da kansu sun gudu daga yawan kod suka koma kaɗan, shekara 5 kafin Hancock ya rubuta nasa.

Yanzu bari in zauna a kan Cantaloupe Island ɗin, don duk hujjata tana cikinsa. Wanda ke da fiyano kusa ya kunna ya bi ni.

Gaɓa 16 ne, an raba huɗu-huɗu. Huɗun farko F maino, maino kuwa shi ne nau'in kod mai ɗan duhun sauti. Fiyano da bes ne ke buɗewa: hannun hagu yana tafiya tare da bes a ƙasa, na dama yana danna maɓalli biyu-biyu, ya hau, ya ƙara hawa, ya sauko inda ya taso. Bugun a miƙe yake, ba irin rangajin jaz na da ba, ya fi kusa da kiɗan rawa. A cikin hawan nan akwai farin D. F maino da aka saba da shi D-filat yake ɗauka, baƙin maɓalli, wanda ke sa kiɗa ya yi nauyi kamar na ta'aziyya. Hancock ya ɗaga shi rabin taki. Wannan maɓalli guda shi ya sa kiɗan ya yi duhu ba tare da ya yi baƙin ciki ba, kuma shi ne ainihin tsanin da aka yi So What da shi, an dai mayar da shi gidan F.

A gaɓa ta 5, daidai inda kunnen da ya saba da buluz ke jiran B-filat, sai ya sauya kod. Ya cika alkawarin lokaci, amma ya kai ka wani wurin daban: D-filat mai bakwai. Sautukansa huɗu, D-filat, F, A-filat da B. Biyu daga ciki, F da A-filat, da ma suna cikin kod ɗin farko, ba su motsa ba. C ne kawai ya zame rabin taki ya zama B, bes kuma ya koma D-filat. To wannan B, in gidanka F ne, shi ne mafi ɗacin sautukan buluz ɗin nan da na ambata, wanda mawaƙi kan taɓa ya wuce da sauri. Hancock ya kama shi ya dasa a cikin kod, ya zaunar da kai a kansa gaɓa huɗu cur. A ganina duk hikimar kiɗan a nan take: ya ɗauki abin da buluz ke yi a wucewa, ya ba shi irin doguwar zaman da salon modal ke ba kod. Zubin hannun bai canza siffa ba, hawa biyu da saukowa ne dai, amma ɗanɗanon ya juya gaba ɗaya.

Gaɓa ta 9, inda buluz ke hawa C mai jan kunne gida, nan ma ya sauya a kan lokaci, nan ma ya ƙi zuwa inda ake jiransa. Bes ya matsa rabin taki kacal, daga D-filat zuwa D, aka shiga D maino. A-filat da ake riƙe da shi tun farko ya zama farin A, sautin da ba shi da gurbi a F maino ko kaɗan. Kuma a nan zubin da ake nanatawa ya tsaya. Fiyano ya buga kod ɗaya mai faɗi, wanda aka jera sautukansa da tazarar huɗu-huɗu, ya bar shi yana amo, aka samu sarari. Bayan gaɓa 8 na matsi sai ka ji an saki ƙirjinka. Daga nan a gaɓa ta 13 kawai sai a faɗo F maino, zubin ya dawo. Babu C, babu kod ɗin da ya yi maka rakiya. Shi ya sa zagayen ba ya jin kamar ya ƙare, kunne yana son a sake.

Me ya hana waɗannan kod uku, da ba dangin juna ba ne a ƙa'idar makaranta, watsewa? Sautin F. Shi ne tushen na farko, yana cikin na biyu, yana cikin na uku. Karin da Hubbard ke busawa kuma kullum a kan F yake sauka. Karin nan kusan gaba ɗayansa sauti biyar ne: F, A-filat, B-filat, C, E-filat. Ya faɗi jimla a kan kod na farko, ya sake faɗinta a kan na biyu, sannan ya kawo 'yar gajeriyar amsa a kan na uku, huɗun ƙarshe ya yi shiru ya bar wa fiyano. Faɗi, sake faɗi, amsa. Ƙashin bayan buluz ke nan ba a taɓa shi ba, ko da yake ba a yi amfani da ko ɗaya daga kod biyun da buluz ke fita zuwa gare su ba.

Akwai wani yaro da ke koyon aiki a wurina, hannunsa da sauri, kunnensa ma ba laifi. Wata rana wuta ta ɗauke muna jiran a tayar da janareta, sai na kunna ƙaramin fiyano mai batir na kaɗa masa karin nan a kan F maino. Kafin in maimaita ya riga ya kama yana rerawa, har yana ɗora masa kalmomin Hausa na wasa. Na ce ya ci gaba da rera abin da yake rerawa, kada ya canza komai, ni kuma na zame zuwa D-filat a ƙarƙashinsa. Sai ya tsaya cak ya ce, "Oga, ka canza waƙar." Na ce ƙanena, bakinka ne ke waƙar, ni ban taɓa ta ba. Ya sake gwadawa, ya sake jin ta juya masa a baki. Ya daɗe yana kallon yatsuna yana neman inda dabarar take, alhali yatsa ɗaya ne ya matsa a dama, ɗaya a hagu.

Saurin da yaron ya kama karin bai ba ni mamaki ba. Waƙoƙinmu da yawa a kan sauti biyar suke tafiya, kuma duk wanda ya taɓa neman karin tsohuwar waƙar Hausa a fiyano ya san sau da yawa baƙaƙen maɓallai kaɗai sun ishe shi. Ka sauko da Cantaloupe Island taki ɗaya zuwa E-filat, karinsa zai kwanta a kan baƙaƙen nan. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya fitar da littafi a 1999 inda ya kawo hujjar cewa wasu siffofin rera buluz sun samo asali daga yankin nan namu na Sudan ta yamma da ta tsakiya, kuma goge na cikin abin da ya duba. Masana suna ta muhawara a kan iyakar wannan dangantaka. Ni ba na cikin masu cewa jaz namu ne aka sace. Kiɗan nan na baƙaƙen fatar Amurka ne, su suka sha wahalar da ta haife shi, su suka gina shi. Iyakar abin da nake cewa, kunnen Bahaushe ba baƙo ba ne a wurin, kuma abin da Hancock ya yi da sauti biyar ya fi kusa da abin da za mu iya amfana da shi fiye da tseren kod da ake tura mu koyo.

Sai maganar nanatawa kanta. Lokacin da Hubbard ya fara nasa bugun na kansa, Hancock bai bi shi yawo ba, ya riƙe zubin nan kusan yadda yake. Carter ma haka. Williams, wanda a ƙungiyar Miles ya yi suna wajen karya bugu da rikita lissafi, a nan ya danne hannunsa. Mutum uku gwanaye sun haƙura sun zama ƙasa domin mutum ɗaya ya taka. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna lugude ya san wannan tsari: faɗuwar taɓarya a turmi ba ta canzawa, kuma saboda ba ta canzawa ne wata ke iya jefa tata sama, ta tafa, ta cafe, ta dawo daidai kan bugu. In aka ce kowa ta sauya, babu mai yin gwaninta. Hubbard yana jan sauti ɗaya ya lanƙwasa shi, ya yi shiru inda ake zaton zai cika, ya faɗi gajeriyar jimla ya sake ta da ƙarin zafi. Kuma duk da zubin fiyanon ɗaya ne, hannun mutum ne ke kaɗa shi kowane zagaye, wani ya ɗan fi nauyi, wani ya ɗan jinkirta, yana amsa abin da ƙaho ya faɗa. Ba za ka iya nuna bambancin da yatsa ba, amma da an cire shi za ka ji an cire.

Fiyano kuma yana da wata nakasa da mai busa ba shi da ita. Maɓallansa a kafe suke, 12 daga wani F zuwa F na gaba, babu tsakani. Sautukan buluz kuwa a tsakanin suke. Dabarar masu fiyanon jaz ita ce su goga baƙin maɓalli su zame kan farin da ke kusa cikin ƙiftawar ido, ko su danna biyun tare su saki ɗaya, kunne ya ji kamar an lanƙwasa. In ka saurari Hancock lokacin da nasa zagayen ya zo bayan na Hubbard, za ka ji wannan gogar a ko'ina. Mutum ne yake yaƙi da kayan kiɗansa don ya sa shi yin abin da maƙogwaro ke yi.

Mu a nan akasin haka ake yi, kuma a nan ciwon yake. Ga yadda aiki ke tafiya a yawancin sutudiyo. Mawaƙi zai zo da karinsa a waya, yana son ya tafi da waƙarsa a ranar, don gobe biki ne ko taron siyasa. Kuɗin kiɗa na waƙa ɗaya ne, ko ka yi awa ɗaya ko ka kwana, fetur ɗin janareta kuma yana ƙonewa. Sai mai kiɗa ya nemo gida, ya kaɗa gaɓa huɗu, ya danna abin da ke jera kowane bugu daidai kan layi, ya kwafa ya liƙa har minti shida. Gaɓa ta 60 ita ce gaɓa ta farko, ba kama suka yi ba, ita ce ɗin dai. Babu wurin da zubi ya tsaya aka sha iska. Babu mai amsa wa mawaƙi, don lokacin da aka yi kiɗan bai ma shiga ɗakin murya ba. Sannan a ɗora Auto-Tune, manhajar gyara murya, a matse shi, duk wata lanƙwasa da ke muryarsa, irin wadda ya gada daga masu goge da kukuma, a ja ta a kafe a kan maɓalli. Hancock yana wahalar sa fiyano ya bi maƙogwaro, a nan ana tilasta wa maƙogwaro ya bi fiyano. Ka ƙara wa irin wannan aiki kod goma, gajiyar tana nan, sai dai ta ƙara kwalliya.

Ba kuma kwamfuta nake zagi ba, da ita nake aiki kullum. A farkon shekarun 1990 wata ƙungiya a Landan mai suna Us3 ta ɗauki zubin fiyanon nan na Hancock ta gina waƙar Cantaloop a kansa, da bugun hip-hop da mawaƙin rap. Faifansu Hand on the Torch shi ne na farko a tarihin Blue Note da ya sayar da kwafi miliyan ɗaya a Amurka, kamfanin da aka kafa tun 1939. Abu biyu nake so a lura da su. Zubin da suka ɗauka ya jure nanatawar inji saboda da ma an gina shi da kyau, sauyin nan na gaɓa ta 5 yana cikinsa. Na biyu, ba su bar inji shi kaɗai ba, sun kawo wani matashi mai suna Gerard Presencer ya busa taramfet da bakinsa a kai, kuma busar nan na cikin abin da mutane suka fi tunawa a waƙar.

Saboda haka in da ni ne zan ba matasa shawara a shafinku, ba zan ce su tara kod ba. Zan ce su riƙe ukun da suke da su, amma su tambayi kansu ko dole ne kullum su zama waɗannan ukun da kowa ke dannawa. Su nemi sauti ɗaya a karin mawaƙi, su gwada kod nawa ne ke ɗauke da shi, za su sha mamaki. Su bar gurbi a waƙa inda kiɗa zai ja baya. Ko abu ɗaya ne, bes ko sarewa ko kalangu, a kaɗa shi da hannu daga farko har ƙarshe bayan mawaƙi ya rera, domin a samu mai amsa masa. Wannan ba ya cin fetur mai yawa.

Akwai wani ɓangare na labarin Hancock da nake so 'yan'uwana masu kiɗa su ji, ko da ya ɗan kauce daga kan kod. Shekara 2 kafin Cantaloupe Island, a faifansa na farko Takin' Off na 1962, ya yi Watermelon Man, shi ma gaɓa 16 a gidan F, amma da kod ɗin buluz na asali. Ya ce daga tunawa da mai tallar kankana da ke bin lungunan unguwarsu a Shikago da keken doki ya samo shi. Kafin a ɗauki faifan, maigidansa a sana'a Donald Byrd, wanda ya kawo shi Niyok, ya gargaɗe shi kada ya sallama wa kamfani haƙƙin mallakar abin da ya tsara. Yaro ɗan shekara 22 da ke neman a ba shi dama, ya tsaya a kan haka, kamfanin ya yarda. Da Mongo Santamaría, makaɗin ganga ɗan Kuba, ya sake kaɗa shi ya yi kasuwa a 1963, kuɗin wurin Hancock suka zo, har ya sayi motar tsere ƙirar Cobra da su. Mai tsara kiɗan da ya san abin da ya yi zai ci gaba da zama nasa yana da dalilin da zai kwana yana neman kod na biyu. Wanda aka sallama da kuɗin yini, sunansa ma ba ya fitowa, me zai sa ya kwana?

A nan jaridarku na da abin yi. A jikin faifan Empyrean Isles an rubuta sunan duk mutum huɗun, da na wanda ya ɗauki sautin, da na Alfred Lion da ya shirya aikin, shi ya sa yau ni da ke Kano nake iya gaya maka wa ya riƙe bes a wata ranar Yuni ta 1964. Waƙoƙin da suka cika gari a bara kuwa, mutum nawa ne cikin masu karanta shafinku za su iya faɗin wanda ya yi kiɗan ko da guda ɗaya? Roƙona shi ne duk lokacin da za ku yi sharhin waƙa, ku nemi sunan mai kiɗan ku buga tare da na mawaƙin. In ya yi abin kirki ku faɗi inda ya yi shi, in kwafa da liƙawa ya yi ku faɗa da sunansa. Malamin da ya yi sharhin kuma ina gaishe shi, ina gayyatarsa ya nemi Cantaloupe Island a YouTube, ya ƙirga bugu huɗu-huɗu da yatsa, ya saurari abin da ke faruwa a gaɓa ta 5 da ta 9 bayan shigowar ƙaho, sannan ya rubuto mana abin da ya ji.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Wani mai kiɗan fiyano,
Kano.